Bindigar Hammata da Karsanar Sambo

Ku yaran nan da kuka shiga aikin sa-kai kun maida dakalin ƙofar gidana majalisa, kuma na san ba gaisuwa ce ke kawo ku ba, labarin bindiga ne. Kun ji an ce na yi shekaru ina aikin ɗan sandan farin kaya tsakanin Gwandu da Kalgo da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga, sai kuka ɗauka na sha daɗin duniya: mutum ya shiga kasuwa yana taku ɗai-ɗai, wanda ya yi masa kallon banza ya ɗaga masa gefen riga, ya kama kansa. Tambayarku kullum ɗaya ce, wai mutum nawa na harba. In na ce ban taɓa harbin ɗan Adam ba sai ku dubi juna kuna murmushi, tsoho yana ɓoye sirrin aiki. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Ranar da bindigar nan ta fi yi mini amfani ko taɓa ta ban yi ba, kuma a ranar ran wani Bafulatani mai suna Sambo ne ke tsakanin rayuwa da mutuwa a kasuwar shanun Kalgo. Zan kai ku can, amma sai kun fara sanin yadda mutum ke zama da ƙarfe a hammata, in ba haka ba ba za ku gane abin da na yi asara a wurin ba.

Ranar da aka cire ni daga masu kaki aka haɗa ni da Saje Ladan, na zo da ƙuruciyar zuciya irin taku, ko da yake a lokacin na riga na kai kofur, na kuma fara furfura a gemu, don tun zamanin 'yan doka nake aiki. Saje Ladan dogo ne siriri, mutumin Kambaza, in ka gan shi a kasuwa sai ka rantse mai sayar da goro ne da jarinsa ya karye. Na miƙa hannu ina jiran libarba, ƙaramar bindigar aikin, sai ya ɗora mini guntun ƙarfen sifirin mota, an naɗe shi da tsumma, nauyinsa daidai na bindigar. Ya ce in rataya shi a hammata in shiga kasuwar Gwandu in yini.

"Ba harbi za ka hwara koyo ba," in ji shi. "Tahiya za ka koya."

Na ji haushi ƙwarai, amma na tafi. Da yamma muka zauna shan fura wurin wata tsohuwa da yake ciniki da ita, sai ta tambaye shi ko abokin nan nasa ciwon haƙarƙari yake yi, don tun safe take ganina ina dafa ƙirji, kafaɗa ɗaya kuma a sama. Har magani ta kwatanta masa, saiwar wani itace da ake jiƙawa da jar kanwa. Saje ya yi mata godiya da fuskarsa a ɗaure, ya ce lalle zai nema mini. A hanya ya gaya mini cewa duk sabon mai bindiga haka yake, hannunsa ba ya barin wurin, yana taɓawa ya ji ko tana nan, kuma ɓarawon shanu ya fi mai fura ido. Sai da na yi damina guda cur da guntun ƙarfen nan, ina tafiya da shi, ina tsugunawa, ina hawan keke, ina ciniki, har ranar da tsohuwar ta ce Alhamdu lillahi maganin ya karɓe ni. Washegari aka buɗe ma'ajiyar makamai aka ba ni ta gaske.

Kuben da hukuma ta bayar ba ya aiki a ƙasarmu. Na ɗamara ne, an yi shi don masu cusa riga a wando, in ka sa shi ƙarƙashin taguwa sai ya turo kamar ka saci rogo. Wani baduku a Gwandu ne ya ɗinka mini nawa da fatar jar akuya, mai laushi, da maɗauri da ke zagaya kafaɗa, ya yi masa ado irin na laya, don ko yaro ya hango gefensa ya ɗauka tsarin jiki ne. Bai tambaye ni abin da zan sa a ciki ba, ni ma ban gaya masa ba, amma ya auna da ido ya yi daidai. Tela kuma ya saki mini babbar riga ta wajen hagu, ya tsaga cikin aljihun ƙirji yadda hannu zai wuce. Rigar sai mai kauri, mai duhun launi, ko ana bazara. Ku da kuke yawo da 'yar shara ba ku san zafin Kalgo a watan bazara da riga biyu da fata manne da jiki ba. Gumi shi ne babban abokin gabar bindiga. In ka yi sakaci da ita kwana biyu tsatsa ta kama ta, shi ya sa kullum in na dawo sai in rufe ɗaki, in zare harsasan, in goge ta da tsumma da man keken ɗinkin matata. Ta daɗe tana zargin 'ya'yanmu da ɓarnar man nan kafin in faɗa mata gaskiya.

Gida ma da nasa tsarin. Bindiga tana cikin adaka, harsasai suna can cikin wata tukunya da na rataye a saman rufi, makulli yana wuyana. Yarana sun saba ba a rugowa a rungume ni in na shigo, sai na shiga ɗaki na fito. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a aikin, ganin ƙaramar 'yata ta taho da gudu ta tuna, ta tsaya cak a tsakar gida tana jira. A masallaci kuwa ƙarshen sahu nake tsayawa ta hagu, jikin bango, don kada kafaɗar wani ta ji abin da bai kamata ba. In aka yi rasuwa, maza suka tuɓe riguna suka shiga haƙar kabari, ni ina gefe ina miƙa ruwa, ana ganina kamar mai ƙyuya. Barcin rana a gindin itace, wanka a gulbi, gayyar noma, duk sun haramta gare ni muddin tana jikina.

Wata rana na taso daga Masama da ƙiraga a bayan a-kori-kura. Da yake ban faɗa muku ba, sana'ar da na fake da ita ke nan, sayen fatu da ƙiraga, kuma na iya ta har mahauta na neman shawarata. Ƙiragan ranar ba su gama bushewa ba, suna wari, fasinja suka fara tsaki. Yaron motar, wani ɗan ƙanƙani da bai kai ɗana na fari ba, ya tsayar da mota a tsakiyar daji, ya watsar mini da kaya ƙasa, ya zage ni ta uwa ta uba, ya ture ni da hannu a ƙirji, saura kaɗan ya taɓa bindigar. Jinina ya tafasa har ina jin bugunsa a kunne. Na durƙusa na tattara ƙiragana, na ce Allah ya ba shi haƙuri, na ɗora a ka na taka da ƙafa har Gwandu. Da ba ni da bindiga, wallahi da na mare shi, a raba mu, a wuce wurin. Amma mai bindiga ba shi da ikon yin faɗa, don faɗan da aka fara da mari ba wanda ya san inda zai tsaya, in kuwa aka kama kokawa, abin da ke hammatarka ya zama na duk wanda hannunsa ya riga kai wa. Ita ce ta koya mini haƙurin da iyayena suka yi ta fama ban koya ba.

Saje Ladan yana da magana ɗaya da yake maimaitawa har mun gaji da ji: "Wagga aba in ta hito, magana ta ƙare. Kai kau aikinka magana na." Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, don mun ga abin da ya sami wani abokin aikinmu. Gardama ta haɗa shi da masu caca a bayan tasha, ya ɗaga riga don su san da wa suke yi. Sun sani kuwa. Kafin la'asar duk kasuwa ta sani, daga ranar in ya doso rumfa sai hira ta koma kan tsadar gero. Ba wanda ya zage shi, kowa na gaishe shi da ladabi, amma bai ƙara jin ko labarin ɓatan kaza ba. Dole aka maida shi cikin kaki.

Aikina shi ne a manta da ni. In zauna a rumfar mahauta ina jan ƙirgi ina dubawa, ina rage kuɗi, kunnena yana can wurin masu hira. Kowane garke yana da shaidarsa, wani tsaga a kunne, wani lalas a cinya, kuma mahauci yana iya sayar da nama ya ɓace cikin tukwanen mutane, amma fata tana nan tana ba da labari. Wani manomi daga Masama ya taɓa zuwa caji ofis yana hawaye, an kwance masa shanun huɗa biyu ana gab da shuka. Na samu fatar ɗaya a hannun wani mahauci a ƙauye, na saye ta ba tare da na nuna komai ba, na tambaye shi ko zai samo mini irinta, ya ce akwai ɗan'uwan san yana nan ɗaure a wani gida. Masu kaki ne suka je suka kwance shi, ni ina can wata kasuwa ina cinikina. Manomin ya haɗa san da na maƙwabcinsa suka yi huɗa tare, kuma har ya rasu bai san mai ƙiragan da yake wucewa ba ya gaisarwa shi ne ya nemo masa sansa. Ban ji haushi ba, haka aikin yake so.

Sai muguwar shekara ta zo. Wannan tun muna cikin jihar Sakkwato ne, ba a yanke mana Kebbi ba. Ciwon bushiya ya shiga shanu, ka wayi gari ka ga garke kwance, ido na ruwa, baki na dalala, kafin kwana kaɗan sai ungulu. Bai gama tafiya ba fari ya biyo baya, gero ya bushe yana tsaye. Na ga dattijan Fulani da a da ba sa iya ƙirga shanunsu sun dawo da sanda kawai a kafaɗa. Fata ta yi arha har ba mai ɗauka. Yunwa kuma ta haifi sata, satar ta haifi zafin zuciya, har ya kasance in aka ce ɓarawo a kasuwa ba a jiran hukuma, don kowa yana da abin da aka raba shi da shi, yana neman wanda zai huce a kansa.

A cikin wannan hali aka kore wa wani dattijo, Ardo Dikko, da ke zaune da rugarsa wajen Dodoru, kusan rabin abin da ciwo ya bar masa. Mutanensa suka bi kasuwanni suna gaya wa dillalai shaidar garken, tsaga biyu a kunnen dama, na hagu kuma an yanke bakinsa. Ni aka ɗora wa aikin. Na bi sawu a hankali har na gano wani mahauci a Kalgo da ke karɓar shanun dare, na shiga jikinsa, muna cin tuwo kwano ɗaya, har ya yi mini alkawarin haɗa ni da masu kawo masa kaya a kasuwa mai zuwa, don in riƙa kwashe fatun kafin kowa ya gani. Shekarun da na yi ina warin ƙiraga, ranar ce za su biya.

Ranar kasuwar, da hantsi, ina rumfar mahaucin ina jira, sai na ji hayaniya ta tashi daga wajen da malamin dabbobi ke yi wa shanu allura. Mutane suka fara gudu can, kowa da abin da ya rarumo. Na bi su kamar kowa. Da na kutsa, na tarar da wani Bafulatani matashi, ramamme, a durƙushe, jini na zuba daga kansa, ya naɗe igiyar wata jar karsana a hannu ya ƙi saki. Shi ne Sambo, amma a lokacin ban san sunansa ba. Wani babban dillali, Ɗan Tani, ya kama kunnen karsanar yana nuna wa jama'a. Na duba, ba ƙarya ya yi ba, shaidar Ardo Dikko ce sak.

"Kai Bahillace, wa yab ba ka ta?" in ji Ɗan Tani. "Hwaɗi sunanai mu ji."

Sambo ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Aka sake tambaya, aka ɗora masa gora a baya, shiru. Ɗan Tani ya ce to in ba zai faɗa ba shi zai faɗa masa, wannan saniyar Ardo Dikko ce ta Dodoru. Da aka ambaci sunan sai na ga yaron ya kau da fuska gefe, ya ƙara yin ƙasa da kai. Jama'a suka ce kun gani, ya amsa laifinsa. Ni kuwa wani abu dabam na gani. Na zauna da Fulani na san wannan kau da kai, ba na mai laifi ba ne, na kunya ne, irin wanda suke yi in an kira sunan surukinsu a gabansu, don Bafulatani ko za a yanka shi ba zai furta sunan uban matarsa ba. Sannan karsanar ta manne da shi tana lasar kafaɗarsa, wuyanta da laya, jikinta a goge duk da yunwar da ake ciki. Ɓarawo kuma ba ya kai abin da ya sata layin allura da rana tsaka.

Na tsuguna kamar mai duba ƙafar dabbar, na tambaye shi a hankali ko surukinsa ne. Ya ɗaga gira kaɗan. Na ce habbanaye ce? Sai hawaye ya zubo masa. Ku 'yan gari ba lalle ku san habbanaye ba. In mutum ya rasa dukiyarsa, wani nasa yakan ɗaura masa karsana aro, ya riƙe ta har ta haihu gwargwadon yadda suka yi alkawari, 'yan maruƙan nasa ne, uwar kuma ya mayar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ana kula da ita fiye da ta kai. Shanun Sambo duk bushiya ta cinye, ya gangaro fadamar Kalgo cin rani da wannan ɗaya tilo. Don ya kuɓuta sai ya yi abu biyu da ba zai iya ba a gaban kasuwa: ya kira sunan surukinsa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa shi ba shi da ko saniya ɗaya. Ya gwammace duka.

Na miƙe na ce jama'a a dakata, wataƙila aro ce, a aika a tambayi mai ita. Wa zai saurari mai ƙiraga? Wani ya ce na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Wani daga baya ya ce, "Mai ƙiraga, halan hwatar kaka jira?" Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗin ji. Dutse ya sauka a kafaɗar Sambo, wani ya wuce ta gefen kunnena. Na hango wani ƙato yana ture mutane yana tahowa da taɓarya. Masu kakinmu suna can tasha, kafin labari ya kai musu an gama.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, kuma hannuna ya kama hanyar aljihun nan da tela ya tsaga. Amma in na harba sama, shanun da ke ɗaure a kasuwar za su tsinke igiya su bi ta kan mata masu nono da yara. In na nuna wa mutum bakin bindiga, to ko in harbe shi ko su ƙwace ta, kuma waɗannan ba 'yan fashi ba ne, manoma ne da dillalai da na sha ruwa a gidajensu. In kuma na yi shiru na koma rumfa, mahaucina yana nan, ɓarayina suna hanya, aikina ya yi kyau, yaron nan kuwa za a binne shi kafin azahar. Duk wannan lissafi bai ɗauke ni tsawon kurɓar ruwa ba.

Sai na kama babbar rigata ta wuya na tuɓe ta, na lulluɓa wa Sambo har kansa. Na tsaya a gabansa daga ni sai singileti, jan kuben nan a fili, gindin bindigar ya leƙo a hammata. Na ɗaga hannuwana biyu sama, tafin a buɗe, nesa da ita, yadda kowa zai gani. Mai taɓarya ya tsaya. Shiru ya fara daga gaba yana tafiya baya, har na riƙa jin kukan akuya daga can ƙarshen kasuwa.

"Wanga mutum yana hannun hukuma, kuma yana cikin rigata," na ce. "Ku aika a kirawo Ardo Dikko. In yac ce sato ta anka yi, ni da kaina ni ka kai shi gaban alƙali. Kahin nan, wanda duk zai taɓa shi sai ya hwara taɓa ni."

Daga nan na zauna a ƙasa kusa da shi, don mutum a zaune ba ya kama da mai neman faɗa. Sarkin kasuwa, dattijo mai hankali, ya samu ƙofar da yake nema, ya shigo ya tsaya tare da mu, ya sa aka tashi mai babur zuwa Dodoru. Aka kai mu rumfarsa da karsanar. Mutane ba su watse ba, suka zauna nesa kaɗan suna jira, suna kallona kamar yau suka fara ganina. Na waiga wajen rumfar mahauta, mutumina ya bar namansa a kan tebur ya yi layar zana.

Sai bayan la'asar Ardo Dikko ya iso a bayan wata a-kori-kura, tsoho fari mai rawani, yana dogara sanda. Bai dubi Sambo ba, Sambo ma ya juya fuska ga zana, don su ba sa haɗa ido. Ya je wurin karsanar ya shafa bayanta, ya duba layar wuyanta, ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo ga jama'a, bai ɗaga murya ba.

"Habbanaye ta. Ni nib ba shi ita da hannuna. Mijin ɗiyata na."

Ɗan Tani ya cire hularsa, ya je da kansa ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya durƙusa yana wanke wa Sambo kai, yana neman gafara. Ba mugun mutum ba ne, shi ma shanunsa sun mutu a shekarar. Mai taɓarya kuwa ban ga lokacin da ya sulale ba. Malamin dabbobi ya zo har rumfar ya yi wa karsanar allurar da aka kawo ta dominta tun safe.

Ogana bai yi murna ba. Ya ce na watsar da aikin shekaru saboda saniya ɗaya, kuma ta wani gefen yana da gaskiya, don ɓarayin sun ji labari sun tsallaka gulbi, ni kuma daga ranar ba sauran mai ƙiraga. Duk rumfar da na dosa sai a miƙe a ba ni tabarma ana ce mini ranka ya daɗe, hira kuwa ta mutu. Na yi baƙin ciki sosai, don ina son aikin nan, kuma na iya shi. Saje Ladan, da yake gab da ritaya, tambaya ɗaya ya yi mini, ko na taɓa bindigar. Na ce a'a. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi.

Aka maida ni Gwandu ɓangaren bincike. Bindigar tana nan a hammata, sai dai yanzu kowa ya san da ita, har yara na nuna ni. Na ɗauka na gama amfani, ashe wata ƙofa ce ta buɗe. Fulanin da a da in sun hango caji ofis suke canza hanya suka fara zuwa gidana da sassafe, su tsuguna a zaure, a gaisa a daɗe, sannan a faɗi abin da aka gani a daji. Ta bakinsu aka gano wasu daga cikin shanun Ardo kafin damina ta sake zagayowa, ba duka ba, amma an samu na kafa garke. Manoma ma in shanu sun shiga gona sai su ce a kira ni kafin a zare sanda. Da haka na kai sufeto, aka yi sabuwar jiha ina wurin, har lokacin ajiye aiki ya zo, na goge ta na ƙarshe na mayar da ita ma'ajiya da harsasanta.

Zaman gida bai karɓe ni ba da farko. Fansho ba ya zuwa a kan kari, gonar gado ƙarama ce, ga iyali. Wata safiya da kaka ina zaune a nan inda kuke, sai ga wani Bafulatani ya doso, ya yi jiki, da tabo a goshi, yana jan wata jar karsana. Tabon ne ya sa na gane Sambo, don tun ranar Kalgo ba mu sake haɗuwa ba. Muka gaisa, na tambayi iyali da dukiya, ya ce an gode Allah, waccan karsanar ta Kalgo ya daɗe da mayar wa mai ita, wannan jikarta ce. Ya ji an ce na bar aiki. Sai ya miƙo mini igiyar. Na ce ya sani ban taɓa karɓar ko kaza a hannun kowa ba, ba kuma yau zan fara ba.

"Ba kyauta ba ta, Sufeto. Habbanaye ta. Riƙe ta hat ta haihu, 'yan maruƙa naka na, uwar ka maido min."

Na ce ai habbanaye sai wanda garkensa ya ƙare, ni kuwa ban taɓa mallakar garke ba balle ya ƙare. Ya dubi ƙasa, irin dubansu.

"Naka ya ƙare rannan ga kasuwar Kalgo," ya ce. "Ina cikin riga, amma na ji."

Sai na gane aikin farin kayan da na rasa a ranar yake nufi. Na miƙa hannu na karɓi igiyar. Shanun da kuke jin kukansu a bayan gidan nan zuriyarta ne, uwar kuwa da lokaci ya cika ni da kaina na ja ta da ƙafa har rugarsa.